Galan ɗin Mai Dalma

A layin masu liƙi da ke bayan kasuwa, inda ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji gaisuwar maƙwabcinsa, rumfa ta huɗu daga bakin titi ita ce ta Mai Dalma. Shekara arba'in da shida ya yi a kan benci ɗaya, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Sunansa na yanka kuwa ya daɗe da ɓacewa a cikin hayaƙin gawayi. Kowa Mai Dalma yake ce masa, saboda dalmar da yake narkawa yana liƙe gwangwani da ita, wadda ta bar masa tabo a kowane yatsa.

Sauran 'yan layin suna yin bokiti da murhu da mazurari da duk abin da kasuwa ta nema. Shi abu ɗaya ya sani, ma'aunin ruwa-ruwa. Yana ƙera galan da rabin galan, da gwangwanin da ake ce wa kwalba, da rabin kwalba, har zuwa ɗan ƙaramin nan mai dogon hannu da ake tsomawa a cikin garwa. Masu kananzir da masu man girki da masu madara da masu baƙin man inji, duk da aikinsa suke awo. In ka tambaye shi lita nawa ne galan, sai ya dube ka kamar ka zage shi. A wurinsa kwalba shida galan ne, galan huɗu garwa ce, nan ilimi ya fara, nan ya ƙare.

Duk dukiyarsa a duniya wani tsohon galan ne da yake kira Uwa. Maigidansa da ya koya masa aiki ne ya miƙa masa ita a ciwon da ya yi ajalinsa.

"Duk abin da za ka ƙera, daga cikinta zai fito," in ji tsohon. "Kada ka taɓa gwada ta da komai. Ita ake gwada komai da ita."

Mai Dalma ya riƙe wannan magana da hannu biyu. In ya gama sabon galan, sai ya cika Uwa da ruwa har baki, ya ja sanda a kai ya share abin da ya yi tozo, sannan ya juye a cikin sabon. In ruwan ya tsaya cif a leɓe, bai zuba ba, bai rage ba, to aiki ya yi. In kwalba ce, sai ta kwashe Uwa a ɗiba shida ba saura ɗigo. In ta kuskure da cokali ɗaya, zai farke ta ya sake, ko da mai ita na tsaye yana duba agogo yana tsaki.

Rumfar da ke jikin tasa ta Dogo ce, wanda suka fara koyon aiki tare a shekara ɗaya. Dogo mutum ne mai fara'a da saurin hannu, ga shi ya fahimci duniya da wuri. In mai kananzir ya zo ya rage murya ya ce a ɗan taɓa masa gindin, Dogo ba ya neman ƙarin bayani. Guduma biyu daga ƙasa, gindin ya kumbura ciki, ido ba ya gani, amma kowane awo ya rage da makurwa ɗaya. Masu irin wannan raɗa sukan fara gwada Mai Dalma, su fito da gudu.

"Fita mini daga rumfa! Ni za ka sa in tauye wa bayin Allah awo? Ga mai yi can, bango ɗaya ne tsakaninmu."

Dogo yana ji, sai ya yi dariya ya ce, "Na gode da talla, abokina."

Da haka Dogo ya yi gida mai bene, ya sayi mota, ya yi tumbi. Mai Dalma kuwa yana nan a ɗaki biyu na gidan haya, bayan gida ɗaya da iyali tara, ga rufi na yoyo. Mutumin da ya toshe yoyon rabin gari, da damina kwanuka yake jerawa a tsakar ɗaki. 'Ya'yansa biyu sun tashi sun ga abin da gaskiya ta saya wa ubansu, kowanne ya kama gabansa, ba wanda ya taɓa guduma.

Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun ba ta da furfura ko ɗaya, ita ta sha wahalar. Keken ɗinki ta so tun tana amarya, har idonta ya daina ganin kafar allura bai samu ba. Duk ranar da ta yi ƙorafi, amsarsa ɗaya ce.

"Tsohuwa, ba mu da komai, na yarda. Amma ba mu taɓa cin ɗigon kowa ba. Ranar da za a auna kowa, ni da ke a tsaye za mu wuce."

"To, Malam," takan ce, "Allah ya sa a can akwai rufin da ba ya yoyo."

Tana da wata koriyar kwalba da take sayen kananzir a ciki. Tun makon farko na aurensu ta ɗaura mata jan zare a wuya, daidai inda awon kwalba ɗaya yake tsayawa. Da shekaru suka tura, kananzir ya daina kaiwa zaren. Da farko kaurin farce ne, daga baya ya zama abin da ko makaho zai ji a nauyi. Takan ɗaga kwalbar a hasken taga ta ce, "Malam, dubi. Kuma da gwangwaninka 'Yar Fara ta auna mini." 'Yar Fara ita ce mai kananzir ta bakin layinsu, wadda ba ta taɓa awo da aikin kowa ba sai nasa.

"Hannu take karkatawa," in ji shi. "Ni na ba su ma'auni na gaskiya, ba zan iya ba su zuciya ba."

Shekara da shekaru suna wannan magana, sai wata rana Tsohuwa ta daina. Ta ci gaba da sayen kananzir ɗinta, ba ta ƙara ɗaga kwalbar a taga ba. Shi dai ya ɗauka girma ne ya sanyaya mata baki.

Ita kuwa Uwa, ƙarfe ce, kullum kuma a cikin ruwa take. Duk bayan shekara biyar ko shida tsatsa takan ci zagayen gindinta ta fara tsatsafo. Ranar gyaranta Mai Dalma ba ya karɓar aikin kowa. Zai cire tsohon gindin, ya sa almakashi ya zagaye wurin da ya ruɓe, siriri kamar yankan farce, ya yanko sabon faranti, ya lanƙwasa baki ya kama shi, ya bi da dalma. Ya san yanka yana rage tsawo, ai ba yaro ba ne. Saboda haka sai ya ɗan bubbuga sabon gindin daga ciki ya fito waje, ya dube shi da ido, ya ce abin da almakashi ya ɗauka guduma ta mayar. Da me zai gwada ya tabbatar? Ba a gwada Uwa da komai.

Kowane zoben tsatsa da ya yanke ba ya yarwa. Jikin Uwa ne, hannun maigidansa ya taɓa shi. Yakan kai gida ya rataye a wata ƙusa da ke saman gadonsu. Zobba bakwai suka taru, yana nuna wa baƙi da alfahari.

Abin da ya faranta masa rai a tsufansa shi ne yadda kasuwa ta juyo gare shi. A lokacin da robobi suka cika gari, 'yan layin suna rufe rumfuna, shi sai ga masu mai suna jiran layi a ƙofarsa. Har tsofaffin masu cinikin Dogo sun dawo wurinsa, kuma ba wanda ya ƙara rage murya ya ce a taɓa gindi. Hannunsa ya yi nauyi, biyu yake iya gamawa a yini, bai kuma ƙara farashi ba, don haka arziki bai zo ba. Amma yana komawa gida ƙirji a buɗe.

"Kin gani, Tsohuwa? Mutane sun gaji da cuta. Gaskiya ta yi jinkiri, amma ga ta ta iso."

Tsohuwa ta ce, "Ga ruwan wankanka can yana hucewa."

Ana nan sai sanarwa ta zo cewa ma'aikatan awo za su zauna a kasuwa mako guda. Duk ma'aunin da ya cika za a buga masa hatimi, wanda bai cika ba a kwashe. Hankalin kasuwa ya tashi, Mai Dalma kaɗai ke murna kamar an yi masa albishir da jika. Shekara arba'in da shida yana jiran wanda zai zo da hukuma ya faɗa a gaban jama'a abin da shi ya sani. Ba kuɗi yake so ba, ba lambar yabo ba. So yake a ce galan ɗin Mai Dalma cikakke ne, Dogo yana tsaye yana ji.

Ya wanke Uwa da toka har tana ɗaukar ido. Da safe ya sa rigarsa ta fita kunya. Yana naɗe Uwa a cikin tawul, Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, da ka bar ta a gida. Ai masu sayarwa aka kira, ba masu ƙerawa ba."

"Yau ɗin? Ko a kan gadon asibiti nake sai an ɗauke ni."

Ta matsa ta ba shi hanya.

A babbar rumfar tsakiyar kasuwa aka kafa tebur. Wata jami'a ce ke awon, matashiya mai gilashin ido, ba ta kai 'yarsa ta fari ba. A gabanta akwai dogon tulun gilas mai zane-zanen layi, da wani ma'aunin tagulla a cikin akwati. Dogo ne a gaban Mai Dalma a layi, ɗauke da sababbin galan uku. Mai Dalma ya gyara tsayuwa don ya ga abin kunya da kyau. Jami'ar ta zuba, ruwa ya tsaya cif. Na biyu cif, na uku cif. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, hatimi uku. Ashe Dogo ya daɗe da sayen irin wannan tulun gilas ya ɓoye a bayan rumfa. Mai tauye awo dole ya san cikakken, in ba haka ba yaya zai san abin da ya ɗauka?

Mai Dalma ya haɗiye wannan da ƙyar, ya kwance tawul ya ɗora Uwa a kan tebur.

"'Yata, wannan ba hatimi take nema ba. Na kawo ta ne ki ga yadda galan yake. In kina so ki gwada gilas ɗinki da ita, bismilla."

Mutane suka yi dariya, jami'ar ma ta murmusa. "To, Baba, bari mu gani."

Ta cika tulun zuwa layin galan, ta fara juyewa a hankali. Ruwa ya hau, ya hau, ya kai leɓen Uwa, ya yi tozo, ya gangaro kan tebur. Ta tsayar da hannu. A cikin gilas akwai sauran ruwa, kusan rabin kwalba.

"Sake," in ji shi.

Ta sake. Haka.

"Teburin nan a karkace yake."

Aka sauke Uwa ƙasa a kan siminti, aka sake. Haka.

"Gilas ɗinki ne. Kayan zamani, yau kaza gobe kaza."

Ba ta yi musu ba. Ta buɗe akwati ta fito da ma'aunin tagulla, ta ce shi ya cika da hannunsa, shi ya juye. Ya cika, ya ja sanda a kai yadda ya saba, ya juye. Ruwan da ya ƙi shiga ya zubo masa a kan takalmi.

Jami'ar ta kifa Uwa, ta bi sabon liƙin da yatsa. Ta rage murya don kada na baya su ji.

"Baba, an taɓa canja mata gindi?"

"Sau bakwai. Ni da hannuna."

"In za ka canja, kana yanke wurin tsatsar?"

Ya gyaɗa kai. Ya tsaya yana kallon gindin da ya bubbuga da ido.

Ba ta ƙwace Uwa ba. Ta goge ta da tawul ɗin, ta naɗe masa, ta ce, "Ka ajiye ta a gida, Baba, ta yi aikinta." Da ta daka masa tsawa da ya fi masa sauƙi. Ko Dogo bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Daga nan bai koma rumfa ba. Ƙafarsa ta kai shi teburin 'Yar Fara, don ita ya fi ɗora wa laifi a zuciyarsa tsawon shekaru. Ya same ta tana tura gwangwanayensa ƙarƙashin tebur, ta jera na roba a sama.

"'Yar Fara, ki yafe mini. Na daɗe ina cewa hannu kike karkatawa. Ashe ma'aunin da na ba ki ne bai cika ba. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

Ta dube shi da mamaki, sannan da tausayi, wanda ya fi mamakin ciwo.

"Haba Baba. Wai da gaske ba ka sani ba? Mu ai mun ɗauka salonka ne, ka kori mutum da baki, ka yi masa aikin da hannu."

"Kun sani?"

"Baba, ni nake sayen garwa, ni nake sayarwa. Da, kwalba ashirin da huɗu nake fitarwa. Da gwangwaninka na yanzu ashirin da shida nake samu har da ɗoriya. Wace mai kananzir ce ba za ta lura ba? Na Dogo in mai saye ya kifa zai ga kumburi, a yi ta rigima. Naka kuwa sumul. Da mutum ya fara ƙorafi, sai in ce aikin Mai Dalma ne fa, sai ya yi shiru har da ba ni haƙuri."

Wato layin da ya gani a ƙofarsa ke nan. Sunansa da ya hana kansa komai don ya tsare, shi ne murfin da aka rufe cutar da shi.

Da la'asar ya isa gida. Bai cire riga ba, ya hau gado ya sauke zobban nan bakwai daga ƙusa. Ya jera su ɗaya a kan ɗaya a kan tabarma, ya sa yatsa a gefe. Sun kusa kaurin yatsa guda, ban da abin da lanƙwasa ta ci. Shekara nawa suna rataye a saman kansa yana barci a ƙarƙashinsu.

Tsohuwa ta shigo ta gan shi, ta ga zobban, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta zauna a bakin gado. Rashin tambayar ne ya sa ya ɗago kai.

"Ke ma kin sani."

"Tun gyara na huɗu. Na lura duk lokacin da ka kawo sabon zobe, ba a daɗewa kananzir sai ya ƙara sauka daga zaren. Ranar da ka tafi jana'izar yayanka, na je rumfa da kwalbata. Shida na zuba, ta shidan ba ta shige duka ba."

"Shekara ashirin, Tsohuwa! Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zo zan faɗa ya fi sau goma. Sai in same ka kana cewa ba mu da komai amma ba mu ci ɗigon kowa ba." Ta dubi zobban. "Malam, ba gida, ba keke, yara sun tafi. Wannan kaɗai ka riƙe, ni ma shi na riƙe. In na karɓe maka shi, da me za ka tashi da safe?"

Ya so ya yi fushi da ita, ya nemi fushin ya rasa. Baƙin ciki ne kawai, irin wanda ba ya fita da kuka. Ya shiga tuna matan da ke zuwa da 'yar kwalbar magani su sayi kananzir na girki ɗaya, da masu sayen man girki rabin kwalba don yara biyar. Dogo ya cuci waɗanda ya cuta yana sane, ko ba komai ya san me zai nemi gafara a kai. Shi bai san ko mutum nawa ba ne, bai san fuskarsu ba, bai kuma ci ko ɗigo ɗaya daga abin da aka rage musu ba.

Washegari ya koma wurin jami'ar ya roƙe ta ta auna masa galan na gaskiya a cikin sabon gwangwani, ta yi masa alama. Da shi ya zauna ya ƙera sababbin ma'aunai goma sha biyu, ya kai aka buga musu hatimi tun kafin ma'aikatan su tashi. Sannan ya bi kasuwa tebur-tebur, yana cewa duk mai tsohon aikinsa ya kawo, zai ƙara masa baki ya cika, kyauta. Kowa ya ce, "To Baba, sai na zo. Allah ya saka da alheri."

Mako ya cika, ma'aikatan awo suka naɗe teburinsu suka tafi. Kafin motarsu ta fita daga kasuwa, tsofaffin gwangwanayen Mai Dalma sun fito daga ƙarƙashin tebura. Aikinsa mai ƙarko ne, bai taɓa yin algus a dalma ba, za su yi shekara ashirin nan gaba suna awo.

Ya zauna a rumfa da gawayi a kunne yana jiran masu kawo gyara. Kwana tara ba wanda ya leƙo. A na goma wani mai man girki ya shigo, ya gaishe shi da ladabi, ya dubi sababbin da ke rataye, ya ɗaga ɗaya ya ajiye. Sannan ya matso ya rage murya.

"Baba, ba irin waɗannan ba. Irin na da nake so, na Uwa."

Mai Dalma bai kore shi ba. Ƙarfin korar ma babu. Ya dai girgiza kai, mutumin ya fita ya shiga rumfar Dogo.

Har yanzu yana zuwa kullum da safe, don bai san wani wurin zuwa ba. Yakan share rumfa ya zauna a kan bencinsa, amma ya daina hura gawayi. In ya koma gida yakan tarar da koriyar kwalba a gefen risho, kananzir a ƙasa, jan zare a sama, don Tsohuwa ba ta da wurin saye sai wurin 'Yar Fara. Cikakkun ma'aunan nan goma sha biyu suna nan rataye da hatiminsu, ba a sayi ko ɗaya ba. Damina biyu ta wuce a kansu, tsatsa ta fara zagaye musu gindi, yana gani, bai ɗauki almakashi ba.